Filin Manoma: Fitilar Tsarkake Ruwan Kifi, Amfaninta Da Inda Ikonta Ya Tsaya

Kiwon kifi ba sana'ar kakanni ba ce a ƙasar Kankiya da Kusada. Da can, kifin da mutumin Boko ya sani shi ne banda da a ke kawowa kasuwa daga nesa, ko kuwa 'yar tarwaɗar da yara su kan lalubo cikin taɓo sa'ad da kududdufi ya janye da rani. Gwamnati ta buɗe gonar kifi a Panyam, can ƙasar Filato, tun 1951, amma an daɗe ƙwarai kafin talaka ya ɗauki abin a kan sana'a. Yanzu kuwa zamani ya sake. A garuruwan jihar Katsina akwai masu gina kwamin siminti a bayan gida, akwai masu kafa na tamfol, su sayo 'ya'yan tarwaɗa su zuba, bayan wata biyar ko shida su kwashe su sayar. A birane kamar Katsina da Kano kuma akwai masu ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi a falo, don sha'awa kawai.

Dalilin wannan darasi shi ne wata na'ura da masu sayar da kayan kiwon kifi su ke talla, wadda a ke rubuta haruffa biyu, UV, a jikin kwalinta. Fitila ce siririya kamar gaɓar kara, tana cikin bututu, ruwa yana wucewa ta gefenta. Abu uku a kan faɗa a kanta: wai tana sa ruwa ya yi garau, wai tana hana kifi ciwo, wai kuma wanda ya sa ta ya huta da wahalar sake ruwa. Na fari gaskiya ne. Na biyu rabin gaskiya ne. Na uku kuwa ba shi da tushe ko kaɗan, kuma shi ne ya ke iya jawo wa mutum asarar kwami guda cikin dare ɗaya. Sabo da haka kafin manomi ya sayar da buhun gero ya sayi fitila, ya kamata ya san aikin da ta ke yi, da wanda ba ta iyawa.

HASKEN DA IDO BA YA GANI

Kowa ya san bakan gizo, ja a sama, shunayya a ƙasa, sauran launuka a tsakani. A 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gane akwai wani haske gaba da shunayya wanda idon mutum ba ya gani, amma yana baƙanta wani irin gishirin azurfa da sauri fiye da hasken da a ke gani. Shi ne Turawa su ke kira ultrabayolet, watau abin da ke gaba da shunayya, a taƙaice UV. A 1877 waɗansu mutum biyu a Ingila, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka zuba ruwa mai abincin ƙwayoyin cuta cikin 'yan kwalabe, suka ajiye waɗansu a rana, waɗansu suka lulluɓe su. Waɗanda aka lulluɓe suka gurɓace, na rana kuwa suka zauna garau. Daga nan aka tabbata rana tana kashe ƙwayoyin cuta. A 1910 aka fara tsarkake ruwan shan gari da irin wannan fitila a birnin Marseille na Faransa. Ashe ke nan abin ba sabo ba ne, zuwansa ƙasar nan ne sabo.

Hasken iri uku ne, masana suna ce da su A da B da C. Na C ya fi ƙarfin kisa, amma Allah ya sa wani rufin iska can sama, wanda a ke kira ozon, yana tare shi, ba ya isowa ƙasa. In da yana isowa da ba mutum ba dabba ba shuka. Fitilar da a ke magana a kanta, irin na C ɗin nan ta ke fitarwa. Akwai 'yar zaiba a cikinta, in lantarki ya bi ta cikin tururin zaibar sai hasken ya fito. Lambar awonsa 254, a kan gan ta a rubuce a jikin fitilar ko kwalinta.

Yadda ya ke kisa kuwa ga shi. A cikin ko wace ƙwayar halitta akwai wani tsari kamar rubutu, a ke kira DNA, wanda ta ke bi ta haifi irinta. Hasken ya kan ɓata wannan rubutu, sai ƙwayar ta kasa haihuwa, ta mutu ba magaji. Ƙwayar cutar da ba ta iya yaɗuwa kuwa ba ta iya sa ciwo. Kyawun abin shi ne ba a zuba kome a ruwa. Kulorin da a ke sa wa ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana kashe kifi ma, shi ya sa a ke barin ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin a zuba wa kifi. Hasken fitila kuwa ba ya barin ɗanɗano ko guba. Amma fa wannan kyau nasa shi ne kuma rauninsa, domin da zarar ruwa ya wuce fitilar, babu sauran abin da ya ke tsaronsa.

Ba a bari ruwa ya taɓa fitilar kanta. A kan zura ta cikin wani kube na gilashi na musamman, wanda a ke narka farin dutsen ƙanƙara a yi shi, domin gilashin taga da na kwalba ba sa barin wannan haske ya ratsa. Wanda ya rataye fitila a wajen akwatin gilashi yana haska kifi ta jikin gilashin, kuɗin lantarki kawai ya ke ɓatawa. Haka kuma 'yar fitilar nan mai launin shunayya da 'yan kasuwa su ke duba jabun kuɗi da ita, da wadda a ke kama ƙwari da ita, ba su ba ne. Nasu hasken na A ne, ba ya wannan aiki. A lura da wannan a kasuwa.

ABIN DA TA KE IYAWA

In ruwan kifi ya zama kore shar, kamar miyar kuka, waɗansu tsire-tsire ne ƙanana ainun, dangin gansakuka, su ke yawo a cikinsa. Su kam fitila tana gamawa da su sosai. Akwatin gilashin da ya yi kore har ba a ganin kifin ciki, in aka sa masa fitilar da ta dace da girmansa, cikin 'yan kwanaki sai ya washe. Ko da ya ke mai akwatin da ya janye shi daga bakin taga, ya rage abincin da ya ke zubawa, sau da yawa ya kan sami wannan biyan bukata ba da ko kwabo ba. Gansakukar da ta manne a jikin gilashi ko bangon kwami kuwa ba ta zuwa wurin fitila, sai dai a kankare ta da hannu.

Tana kuma rage ƙwayoyin bakteriya da ke yawo a ruwa, irin waɗanda su ke sa wa tarwaɗa gyambo da jan ciki da cin bindi, da kuma irin naman gwarin nan da ya ke fitowa kamar auduga a jikin ƙwan kifi. An ce tana ragewa, ba a ce tana ƙarewa ba. Ga dalili.

A ce ga mutum a Boko yana da kwami mai cin lita 1,000, injinsa kuma yana jan lita 1,000 a sa'a guda, ya bi da shi ta fitila, ya komo da shi cikin kwamin. Zai yi tsammani bayan sa'a guda duk ruwan ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Ruwan da ya fito daga fitila yana komawa ya gauraya da wanda bai je ba tukuna, injin kuma ba ya zaɓe, wani ruwan ya kan je sau biyu, wani bai je ko sau ɗaya ba. In aka yi lissafi, bayan sa'a guda kamar kashi 63 cikin 100 ne kaɗai ya ga fitila. Sai bayan sa'a uku a ke kai wa kashi 95. A cikin wannan lokaci kuwa ƙwayoyin da ke jikin kifi da na ƙasan kwami ba barci su ke yi ba, haihuwa su ke yi. Watau fitila kamar mai gadin ƙofa ce. Wanda ya biyo ta ƙofa za ta kama shi, amma ɓarawon da ya riga ya kwana cikin gida, ba ta san da shi ba.

Saurin ruwa kuma shi ne rabin aikin. Ƙarfin kisa ya dogara ga ƙarfin haske da daɗewar da ƙwaya ta yi a gabansa. In aka rage gudun ruwa da rabi, hasken da ko wace ƙwaya ta sha ya ninka. Mutane da yawa su kan haɗa ƙaramar fitila da babban inji, ruwa ya wuce fuu, ba abin da ya mutu. Auna gudun ruwa ba wuya. A tara jarka mai lita 25 a bakin bututun, a duba agogo. In ta cika cikin minti ɗaya, lita 1,500 ke nan a sa'a. In ta ɗauki minti uku, lita 500 ke nan. Sai a gwada da adadin da masu ƙera fitilar suka rubuta. Adadin nasu kuwa galibi na kashe koren ruwa ne da sabuwar fitila, sabo da haka mai hankali ya kan tsaya ƙasa da shi.

CIWON FARIN ƊIGO

Nan ne a ke yawan ruɗin mutane, sabo da haka a tsaya a kansa kaɗan. Akwai ciwon da ya ke kama kifin ruwan daɗi ko'ina a duniya, na ado da na ci. Za a ga fararen ɗigo-ɗigo a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jikinsa a bango, ya daina cin abinci, ya taso sama yana haki. Ya fi tashi sa'ad da ruwa ya yi sanyi farat ɗaya, kamar darare na hunturu cikin Disamba da Janairu, ko kuwa bayan an kawo sababbin kifi daga wani wuri. 'Ya'yan tarwaɗa ba su da ɓawo a jiki, ya kan yi musu ɓarna ƙwarai.

Abin da ke kawo shi wata 'yar halitta ce mai zama uku. Zama na fari tana cikin fatar kifi da matsatstsakunsa na numfashi, tana ci, ita ce farin ɗigon da a ke gani. A nan fatar kifin ta rufe ta, magani ma ba ya samunta, balle haske. Zama na biyu, in ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan kwami, ta manne, ta yi wa kanta kwanso, ta rarrabu a ciki ta zama ɗaruruwa. A nan ma ba ta zuwa wurin fitila. Zama na uku ne 'ya'yan su ke fashe kwanson su fito suna iyo suna neman kifi, in ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu su mutu. To, wannan zama na uku kaɗai ne fitila ta ke da iko a kansa, shi ma sai wanda inji ya zuƙo. A kwamin da aka cika da kifi, ɗan da ya fito daga kwanso ya fi kusa da jikin kifi bisa ga bakin bututu. Bayan haka kuma halittar ta fi bakteriya girma da tauri nesa, hasken da zai kashe ta ya ninka na bakteriya sau da yawa, ƙaramar fitilar akwatin gilashi ba ta kai wa nan.

Sabo da haka wanda ya ga farin ɗigo a jikin kifinsa ya ruga ya sayo fitila, ya yi kamar mai gyara darni bayan awaki sun cinye rogo. Abin yi shi ne a zuƙe dattin ƙasan kwami kullum da siririn tiyo, domin kwansunan suna ciki, a sake ruwa, a rufe kwamin da dare don sanyi, a kuma sa gishiri. Gram 2 zuwa 3 na gishirin miya a ko wace lita shi ne abin da aka saba, a narka shi tukuna a bokiti, a riƙa maimaitawa gwargwadon ruwan da aka sake har ɗigon ya ɓace da kwanaki. In za a sa wani magani ban da gishiri, a nemi malamin kifi ya faɗi adadi, kuma lalle a kashe fitila muddin magani yana cikin ruwa, gama haskenta ya kan lalata magunguna da yawa.

Inda fitila ta ke da amfani game da wannan ciwo shi ne in kwami uku ko huɗu suna shan ruwa ɗaya mai zagayawa. In aka sa babbar fitila a mahaɗar, ruwa yana tafiya sannu, tana iya tare ciwon kada ya tsallaka daga wannan kwami zuwa wancan. Amma in koma ɗaya a ke tsomawa cikinsu duka, ko bokiti ɗaya, an buɗe wa ciwon wata ƙofa ta baya.

JAN RUWA DA RUWA MAI WARI

Haske ba ya ratsa laka. Ruwan kududdufi da na rafi da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ja ne wur, ko wane ƙwayar laka kuwa inuwa ce ga ƙwayar cuta. In aka bi da irin wannan ruwa ta fitila, wanda ya gogi kuben ne kaɗai ya ke ganin haske. Tilas a bar ruwan ya kwanta a tanki tukuna, sa'an nan a tace shi ta duro mai tsakuwa a ƙasa da rairayi a sama, fitila ta zama ita ce ta ƙarshe kafin ruwa ya isa wurin kifi. Wanda bai da abin tacewa, sayen fitila bai kama shi ba tukuna.

Sai babbar magana, watau zancen wai an huta da sake ruwa. Kifi yana ci yana kashi cikin ruwan da ya ke zaune, yana kuma fitar da wata guba ta wurin numfashinsa, a ke kira amoniya, ita ce mai warin nan da a ke ji a makewayi ko a turken da ba a share ba. Abincin da ya rage ya ruɓe shi ma amoniya ya ke zama. Ita ba halitta ba ce balle haske ya kashe ta. Ko fitila goma aka jera, tana nan yadda ta ke. Haka kuma fitila ba ta ƙara wa ruwa iskar numfashi ko kaɗan.

Abin tsoro ma shi ne fitila tana iya ɓoye alama. Da, in ruwa ya yi kore ya yi kauri, mai kifi ya san lokacin sakewa ya yi, gama ruwa ba ya tsami banza. Korayen tsiran nan kuma da kansu suna shan wani kashi na amoniyar, taki ce a gare su. In fitila ta kashe su, ruwa ya yi garau kamar na randa, mai shi ya saki jiki, alhali gubar tana taruwa fiye da da. Babbar tarwaɗa tana da juriya, tana kuma iya tasowa ta shaƙi iska a sama, sabo da haka ta kan daɗe ba ta nuna kome ba, sai dai ta rage ci, girma ya tsaya, abinci mai tsada yana tafiya a banza. 'Ya'yan da ba su yi makonni ba kuwa ba su da wannan dabara tukuna, da safe kawai za a tarar da su a kwance.

Maganin amoniya biyu ne. Ko a sake ruwa, ko a yi matatar da a ke cika ta da tsakuwa ko guntayen roba, inda waɗansu bakteriya masu amfani su ke zama su cinye gubar. Waɗannan a manne su ke, ba sa yawo, sabo da haka fitilar da ke bayan matata ba ta cuce su. Sai dai in matatar sabuwa ce, a bar fitila a kashe makonnin farko har su kama wuri.

WA YA KAMATA YA SAYA?

Mai tafkin ƙasa da ke kiwon karfasa, kada ma ya kula ta. Koren ruwa a wurinsa makiyaya ce, shi karfasa ta ke ci, har taki a ke zubawa don ruwan ya yi kore. Awonsa shi ne mutum ya tsoma hannu har gwiwar hannu, in tafin ya fara ɓacewa daga gani a nan, koren ya yi daidai. In ya ɓace tun daga wuyan hannu, ya yi yawa, a daina zuba taki a ƙara sabon ruwa, domin da asuba koren nan ya kan shanye iskar ruwan. Sa fitila a irin wannan tafki daidai ya ke da makiyayi ya cinna wa ciyawarsa wuta.

Mai kwamin siminti ko tamfol da ke ƙosar da tarwaɗa, yana zubar da ruwa yana zuba sabo daga rijiya ko burtsatse, shi ma ba ya bukatarta. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya riga ya tatu, ba safai ya ke ɗauke da cutar kifi ba. Aibinsa shi ne ƙarancin iska, wani lokaci da tsatsa, maganin wannan kuwa a bar shi ya kwana a tanki, ko a sa ya zubo daga sama yana fantsama.

Wanda fitila ta ke yi wa rana shi ne mai ƙyanƙyasar ƙwai. A wannan sana'a a kan yi wa uwar tarwaɗa allura, a tatse ƙwanta, a gauraya da ruwan namiji, a baza a kan raga cikin ruwa mara zurfi. In ruwa yana da ɗumi, kamar digiri 28, cikin kwana guda su ke ƙyanƙyashewa, su yi kwana uku suna shan gwaiduwar cikinsu kafin su fara ci. A waɗannan kwanaki ba su da ƙarfin kome. In ruwan da a ke ba su na dam ne, kamar na Zobe ta wajen Dutsin-Ma, ko na rafi, inda kifin daji su ke zaune, ko kuwa ruwa ɗaya a ke zagayawa da shi sabo da ƙarancin ruwa da rani, to fitila a bakin shigar ruwa tana biyan kuɗinta. Duk da haka ƙwan da ya mutu ya yi fari sai an zuƙe shi da hannu, domin audugar nan a kansa ta ke tsira, ta miƙa zarenta ta kama mai rai na kusa da shi, ba ta bi ta bututu ba.

Kafin a saya kuma a yi lissafin wuta. Fitila mai wat 25 in ta kwana ta wuni tana ci, wat 600 ke nan na sa'a a rana guda, ban da injin da ke tura ruwa, wanda sau da yawa ya fi ta ci. A ƙauyen da lantarki ba ya zama, sai an haɗa da faifan sola da batir mai ɗaukar dare. Fitilar da ke ci sa'a huɗu ta mutu sa'a ashirin ba ta tsare kome ba, yawan kunnawa da kashewa kuma yana rage mata kwana. In inji ya tsaya fitila tana ci, ta kan yi zafi har ta lalace.

KULA DA ITA

Shekara guda sa'a 8,760 ce, yawancin irin waɗannan fitilu kuwa sa'a 8,000 zuwa 9,000 a ke yi musu alkawari. Bayan wannan za ta ci gaba da ba da shuɗin haskenta kamar lafiya lau, amma shuɗin da ido ke gani ba shi ke aiki ba, mai aikin ya riga ya raunana. A rubuta ranar da aka sa ta a jikin bututun, in shekara ta kewayo a sake. Tun a wurin saye a tambaya ko a na samun ƙwan fitilar shi kaɗai, domin in ba a samu, bayan shekara na'urar ta zama bututun banza.

Kuben gilashin ya kan yi dafi da farar ƙasa ko tsatsa, musamman da ruwan rijiya. Ko wane wata a zare wuta, a fitar da shi a hankali, a goge da tsumma mai laushi da ruwan lemun tsami, a ɗauraye. Kada a riƙe ƙwan fitilar da hannu tsirara, maiƙon yatsa yana barin tabo.

Kada ko da wasa a kunna ta a waje da bututunta a kalle ta. A lokacin ba a jin kome, sai bayan sa'o'i, yawanci cikin dare, ido ya kama zafi da hawaye kamar an zuba masa yashi. Masu walda sun san wannan ciwo, shi ne dai. Tana ƙona fata kuma. Zaibar cikinta guba ce, sabo da haka tsohuwar fitila ba abin wasan yara ba ce, ba a kuma jefa ta a kududdufi ko kusa da rijiya. In ta fashe a ɗaki, a buɗe ƙofa da taga a fita na ɗan lokaci, sa'an nan a kwashe da kwali, ba da hannu ba.

RANA BA TA KARƁAR KUƊI

Matan ƙasar nan sun daɗe suna shanya ƙorai da tabarmi a rana tun kafin a haifi Downes da Blunt. Cikin shekarun 1980 wani malami a jami'ar Amurka da ke Beirut, Aftim Acra, ya nuna in aka zuba ruwa garau cikin kwalba mai haske aka ajiye a rana, ƙwayoyin gudawa su kan mutu. Abin da a ke koyarwa a kai shi ne sa'a shida cikin rana sosai a gorar roba mai haske, kwana biyu in akwai hadari. Wannan na ruwan sha ne, kwamin kifi ya fi ƙarfin gora. Amma mai kifi yana da nasa rabon a rana, ita kuwa ba ta yi wa Boko rowa, balle daga Maris zuwa Mayu.

In an kwashe kifi, a wanke kwamin siminti da buroshi, a bar shi a bushe ƙayau kwana uku ko huɗu kafin a zuba sababbi. Tafkin ƙasa a bar shi har ƙasansa ya tsattsage. Bushewa da zafi da haske in suka haɗu suna kai wa inda fitila ba ta zuwa, watau bango da ƙasa, inda kwansunan farin ɗigo su ke. Koma da bokiti da tiyo a wanke su a shanya bayan ko wane aiki, in da hali ko wane kwami da nasa. Sababbin 'ya'yan kifi kuwa a ware su mako biyu a wani mazubi dabam, a ga lafiyarsu, kafin a haɗa su da na gida. Mai son ƙarin bayani ya nemi malaman gona na hukumar KTARDA, ko sashen koyar da kiwon kifi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Babbar cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa kuma tana Sabuwar Bussa, jihar Neja.

Ruwan da aka zubar daga kwami kada a sake shi ya bi lungu ya dami maƙwabta da wari da sauro. Amoniyar da ta ke guba ga kifi taki ce ga shuka. A yi masa 'yar hanya zuwa fangalin alayyafo ko tumatir ko gindin zogale, zai ba da ganye da rani sa'ad da kayan miya su ke tsada. Sai dai ruwan da aka sa wa gishiri ko magani, shi kam a haƙa masa rami dabam, nesa da rijiya da shuka.